Samuel Johnson: Marubucin ƙamusun da ya zagi fansho, daga baya ya miƙa hannu ya karɓa

A ƙarshen shekarar 1755, kwamishinonin harajin kayayyaki na Ingila suka aika wa Antoni-Janar na ƙasar, William Murray, wata tambaya da ba a saba jin irinta ba: shin ana iya maka mutum a kotu saboda ma'anar da ya ba wata kalma a cikin ƙamus? Kalmar ita ce ‘excise’, wato harajin da gwamnati ke ɗorawa kan kayan da ake sarrafawa a cikin gida, irin su gishiri, sabulu, kyandir, fata da giya. Wani sabon ƙamus da ya fito a watan Afrilun shekarar ya bayyana wannan haraji a matsayin abin ƙi, ya kuma siffanta masu tara shi da ƙasƙantattun 'yan kwangila, waɗanda masu cin kuɗin suka ɗauka haya domin su yanke wa jama'a hukunci. Murray, wanda daga baya ya zama shahararren alƙalin nan Lord Mansfield, ya amsa cewa lallai wannan ɓatanci ne a idon doka, amma ya ba da shawarar a fara ba marubucin damar gyarawa kafin a yi masa barazanar shari'a. Marubucin bai gyara ba, kuma ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Sunansa Samuel Johnson. An haife shi ranar 18 ga Satumba, 1709, a garin Lichfield da ke tsakiyar Ingila. Mahaifinsa, Michael Johnson, mai sayar da littattafai ne da kasuwa ta riƙa ja masa baya har ya tsufa cikin bashi. Tun yana jariri Samuel ya kamu da wani nau'in tarin fuka da ke kumbura kaluluwar wuya, ciwon da ya bar masa tabo a fuska da wuya. Ya kuma tashi ido ɗaya ba ya gani sosai, kunne ɗaya ba ya ji. A 1712 mahaifiyarsa Sarah ta kai shi Landan domin Sarauniya Anne ta shafa shi, saboda a lokacin Turawan Ingila sun yi imani cewa hannun mai sarauta na warkar da wannan ciwo. Bai warke ba. Ya girma ƙaton mutum mai yawan karkarwa da fizgar jiki da surutai shi kaɗai, abin da likitocin baya suka danganta da lalurar jijiya da ake kira Tourette, ga kuma ciwon damuwa da ya bi shi har kabari.

Ya shiga kwalejin Pembroke ta Jami'ar Oxford a 1728, amma bayan wata 13 kuɗi suka ƙare, ya koma gida babu digiri. A can ne aka ga irin zuciyarsa: takalmansa sun yage har ƙafarsa na leƙowa, wani ya tausaya ya ajiye masa sababbi a ƙofar ɗaki, shi kuwa ya yi jifa da su don fushi. A 1735 ya auri Elizabeth Porter, wadda mijinta ya rasu, tana da shekara 46 shi yana da 25. Da kuɗinta ya buɗe makaranta a Edial, ɗaliban da suka zo ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, makarantar ta mutu. A 1737 ya kama hanyar Landan tare da ɗaya daga cikin ɗaliban, David Garrick, wanda ya zama babban ɗan wasan kwaikwayon zamaninsa tun malaminsa na fama da kuɗin haya.

Ɗan jaridar da ya ƙirƙiri muhawarar majalisa

Aikin da ya fara riƙe shi a Landan aikin jarida ne, a mujallar The Gentleman's Magazine ta Edward Cave. A 1738 majalisar wakilan Birtaniya ta zartar cewa buga muhawararta keta alfarmar majalisa ne. Cave ya samo dabara: ya riƙa buga muhawarar da sunan ta majalisar Lilliput ce, ƙasar almara da ke cikin littafin Jonathan Swift, ana karkatar da sunayen 'yan siyasa yadda kowa zai gane su, Walpole ya koma Walelop, Pitt ya koma Ptit. Daga wajen 1741, na kimanin shekara uku, Johnson ne kaɗai ke rubuta waɗannan jawabai. Da ƙyar ya taɓa leƙa zauren majalisar. Wasu ne ke kawo masa 'yan bayanai, wani lokaci sunayen masu magana kawai da ɓangaren da kowa ya tsaya, shi kuma ya zauna a ɗakinsa ya ɗinka musu hujjoji da fasahar da yawancinsu ba su da ita. Daga baya ya amsa cewa ya tabbatar 'yan jam'iyyar Whig, da ya tsana, ba su fita da rinjaye a muhawarar ba.

A ma'aunin aikin jarida na yau, wannan ƙirƙirar labari ne tsantsa, komai kyan uzurin cewa majalisar ce ta rufe ƙofa. Jama'a sun ɗauki jawaban da gaske, har wasunsu suka shiga cikin littattafan manyan 'yan siyasa a matsayin kalamansu. Johnson ya ce ya daina ne da ya fahimci haka, kuma kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa ya shaida wa mawallafi John Nichols cewa cikin duk abin da ya rubuta, wannan ne kaɗai ke ci masa rai.

A waɗannan shekaru ɗan adawa ne mai zafi. Ya rubuta ƙasidu yana caccakar gwamnatin Robert Walpole, wadda ta yi suna wajen sayen 'yan majalisa da muƙamai da kuɗaɗe. Akwai dararen da shi da abokinsa mawaƙi Richard Savage suka kwana suna zagaya dandalin St James saboda ba su da kuɗin ɗakin kwana, suna tsine wa gwamnati har gari ya waye.

Shekara tara a kan kalmomi

Ranar 18 ga Yuni, 1746, wasu manyan masu buga littattafai na Landan, ciki har da Robert Dodsley da Andrew Millar da gidan Longman, suka ƙulla yarjejeniya da shi ya rubuta ƙamusun Ingilishi a kan fam 1,575. Akwai ƙamusoshi kafin nan, tun daga na Robert Cawdrey na 1604 mai kalmomi kusan 2,500 har zuwa na Nathan Bailey, amma galibinsu sun fi karkata ga kalmomi masu wuya, kuma ba su nuna yadda marubuta ke amfani da kalma. Abin ya zama na kishin ƙasa, domin Faransa na da hukumar harshe mai mambobi 40 da ta shafe fiye da rabin ƙarni kafin ta fitar da nata ƙamusun a 1694. Johnson ya yi alƙawarin gamawa a shekara uku. Ya ɗauki kusan tara.

Ya kama gida mai lamba 17 a Gough Square, ya mayar da ɗakin sama wurin aiki, ya ɗauki magatakarda shida. Ya riƙa karanta littattafan manyan marubutan Ingilishi, Shakespeare da Milton da Dryden da Bacon da sauransu, yana ja wa kalma layi da fensir, yana rubuta harafinta na farko a gefen shafi, magatakardan su kwafe jimlar a 'yar takarda. Waɗanda suka ara masa littattafai sun karɓe su a dagule. Daga waɗannan takardu ya riƙa tsamo ma'ana, shi ya sa kalma gama-gari kamar ‘take’ ta ƙare da ma'anoni fiye da ɗari. Ko wajen zaɓen marubuta bai ɓoye ra'ayinsa ba, domin ya ƙi kafa hujja da Thomas Hobbes saboda bai yarda da aƙidarsa ba.

Wanda ya buɗe ƙamusun a yau zai tarar da kalmomin da Baturen Ingila kansa zai tsaya yana sosa ƙeya. Akwai ‘anatiferous’, abin da ke haifar da agwagi, wadda ya samo daga Thomas Browne a kan wani tsohon camfi da ke cewa akwai bishiyoyin da tsuntsayen ruwa ke fitowa daga jikinsu. Akwai ‘vaticide’, mai kashe mawaƙa. Akwai ‘bedpresser’, malalacin da nauyinsa ke danne gado, da ‘bellygod’, wanda ya mayar da cikinsa abin bauta, da ‘fopdoodle’, wawan da ba ya da wani tasiri. Biyu daga ciki za su yi wa duk mai bin siyasa amfani a kowane zamani: ‘mouth-friend’, mai abota a fatar baki kawai, da ‘backfriend’, maƙiyin ɓoye, kura da fatar akuya.

Wasu kalmomin kuma suna nan da rai, ma'anar ce ta yi ƙaura. A wurin Johnson ‘lunch’ ba abincin rana ba ne, gwargwadon abincin da tafin hannu zai iya riƙewa ne. ‘Jogger’, da yau ke nufin mai sassarfa don motsa jiki, a wurinsa mai jan jiki ne da nauyi da kasala. Ya kuma riƙa yi wa kalmomi hukunci kamar alƙali: ‘fun’ da ‘job’ da ‘clever’ ya ce na ƙasa-ƙasa ne, maganar kan titi, ‘ruse’ kuwa ya kore ta a matsayin Bafaranshiyar da babu kyau babu buƙata. Duka huɗun sun rayu sun bar hukuncin nasa a baya. Shi kansa ya lura da haka tun kafin ya gama. A tsarin aikin da ya buga a 1747 ya yi fatan kafe harshen ya daina sauyawa, amma a gabatarwar 1755 ya amince cewa babu mai iya ɗaure harshe mai rai, ya kuma ƙi ra'ayin kafa wa Ingilishi hukuma irin ta Faransa.

Ya yi kurakurai, wasu masu ban dariya. Ya ce ‘pastern’ gwiwar doki ce, alhali sashen ƙafar ne da ke saman kofato, da wata mata ta tambaye shi dalili, ya ce mata jahilci ne kawai ba wani abu ba. Ya ba ‘leeward’ da ‘windward’ ma'ana ɗaya duk da kishiyoyin juna ne. Ya shigar da wata kalma, ‘foupe’, wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, domin a tsohon bugun littafin William Camden harafin s dogo ne mai kama da f, shi kuma ya karanta ba daidai ba. A kan ‘trolmydames’, da ya tsinta a wasan Shakespeare, ya rubuta a fili cewa bai san ma'anarta ba. Da ya zo kan ‘network’ kuwa, kalmar da kowa ya sani, sai ya bayyana ta da kalmomin Latin da suka fi ta wuya sau goma. Marubucin ƙamus ma bai tsira ba, ya kira shi ɗan wahalar da ba ya cutar da kowa.

Wannan ikirari na rashin cutarwa bai cika zama gaskiya ba idan aka duba kalmomin siyasa. ‘Tory’, jam'iyyar da yake so, ta samu bayani mai mutunci na masu riƙo da tsohon tsarin ƙasa da na coci. ‘Whig’ kuwa ya sallame ta da cewa sunan wani gungu ne. Ɗaya daga ma'anonin ‘politician’ shi ne mutum mai makirci da zurfin dabara. ‘Stockjobber’, mai saye da sayar da hannun jari, ya kira shi ƙasƙantacce. A kan ‘oats’, wani hatsi dangin alkama, ya ce a Ingila dawaki ake ba, a Skotland kuwa mutane ke rayuwa a kansa, alhali biyar daga magatakardansa shida 'yan Skotland ne. Ya ma so ya saka sunan wani basarake, Lord Gower, a ƙarƙashin kalmar da ke nufin wanda ya yi ridda daga tafiyarsa, saboda ya sauya sheƙa ya koma gwamnati, sai mai ɗab'i ya cire. Irin waɗannan ba su da yawa cikin dubban ma'anoni masu tsabta da ya rubuta, amma sun isa su nuna cewa mai riƙe da ƙamus na iya yanke hukunci a inda mai karatu ke zaton bayani ake yi masa.

‘Patron’, uban gida mai ɗaukar nauyin marubuci, ita ma ta sha duka: ya ce galibi wani ne da ke taimako da wulaƙanci, ana biyan sa da fadanci. Wannan na da tarihi. Ya sadaukar da tsarin aikin na 1747 ga Lord Chesterfield, babban ɗan siyasa, wanda ya ba shi fam 10 ya manta da shi. Cikin shekarun da suka biyo baya matarsa Elizabeth ta rasu a 1752, ya ci gaba da aikin cikin rashin lafiya da bashi. Da ƙamusun ya kusa fitowa, Chesterfield ya rubuta maƙaloli biyu a jaridar The World yana yabon sa. A Fabrairun 1755 Johnson ya aika masa wasiƙa cikin ladabi mai kaifi, yana kwatanta shi da wanda ya tsaya yana kallon mutum na nutsewa, sai da ya kai gaɓa sannan ya zo da taimako. Abin dariyar shi ne, da aka tattara rubuce-rubucen Chesterfield bayan mutuwarsa, an saka jawabai biyu na majalisa waɗanda Johnson ne ya ƙirƙira masa su tun zamanin Lilliput.

Ƙamusun ya fito ranar 15 ga Afrilu, 1755, manyan kundaye biyu, kalmomi 42,773, da misalai kusan 114,000, a kan fam 4 da sule 10. Oxford ta ba shi digirin girmamawa domin a samu abin rubutawa a bango. Kuɗin kwangilar kuwa ya riga ya cinye su a kan takarda da albashin magatakarda. A Maris 1756 aka kama shi kan bashin fam 5 da sule 18, sai da marubuci Samuel Richardson ya aiko da kuɗi. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1759, a cikin dararen mako guda ya rubuta Rasselas, labarin wani yariman Habasha, domin ya biya kuɗin jana'iza.

Fam 300 a shekara

Kalmar ‘pension’, wadda Hausa ta ara ta zama fansho, a lokacin ba ta nufin haƙƙin ma'aikacin da ya yi ritaya. Kuɗi ne da fada ke ba wanda ta ga dama. Johnson ya bayyana ta a matsayin kuɗin da ake ba mutum ba tare da ya yi aikin da ya kai su ba, ya ƙara da cewa a Ingila an fahimce ta a matsayin ladan ɗan amshin shatan gwamnati saboda cin amanar ƙasarsa. Mai karɓarta kuma ya kira shi bawan gwamnati da aka saya domin ya bi ubangidansa.

A 1762, gwamnatin sabon sarki George na Uku, ƙarƙashin Firayim Minista Lord Bute, wanda shi ma ɗan Skotland ne, ta yi masa tayin fansho na fam 300 a shekara. Johnson ya san abin da ya rubuta. Ya nemi shawarar abokinsa mai zane Joshua Reynolds, wanda ya ce masa ma'anar ba ta shafe shi ba, Bute kuma ya tabbatar masa cewa an ba shi ne saboda abin da ya riga ya yi, babu abin da ake jira daga gare shi. Ya karɓa. 'Yan adawa, musamman John Wilkes a jaridarsa The North Briton da mawaƙi Charles Churchill, suka yi ta jifan sa da ƙamusunsa.

Shekara takwas bai rubuta wa gwamnati komai ba. Sai rikicin Wilkes ya taso. Masu zaɓe a Middlesex sun yi ta zaɓen Wilkes, majalisa na korar sa, har a 1769 ta ba Henry Luttrell kujerar, wanda ya samu ƙuri'a 296 a kan 1,143 na Wilkes. A 1770 Johnson ya fitar da ƙasidar The False Alarm yana kare wannan mataki, matakin da majalisar da kanta ta goge daga kundinta a 1782. A 1771 ya kare gwamnati kan tsibiran Falkland, a 1775 kuma ya rubuta Taxation No Tyranny yana kare haƙƙin Birtaniya na ɗora wa Amurkawa haraji, shi da ya kusa shiga kotu saboda zagin haraji. James Boswell, abokinsa da ya rubuta tarihinsa, ya ce ba ya shakkar masu mulki ne suka nemi a rubuta wannan ta ƙarshe, har sun rage wasu sassanta kafin a buga.

Masu kare shi na cewa ɗan Tory ne tun asali, mai son tsari da biyayya ga hukuma, don haka da fansho da babu haka zai rubuta. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai bugu na huɗu na ƙamusun, wanda ya yi wa gyara mai yawa a 1773, ya bar wata shaida. Ya gyara ‘pastern’. Bai taɓa ‘pension’ ba, ya bar zagin a inda yake, abin da za a iya ɗauka a matsayin jarumta. Amma ‘patriot’, wadda a 1755 ke nufin mutumin da son ƙasa ya mamaye zuciyarsa, ta samu ƙarin ma'ana: mai tayar wa gwamnati da fitina. A lokacin kuwa magoya bayan Wilkes ne ke kiran kansu da wannan suna.

Kuɗin dai ba su tsaya a aljihunsa ba. Gidansa ya cika da marasa galihu da ba su ko jituwa da juna, ciki har da makauniyar mawaƙiya Anna Williams da Robert Levet, mai yi wa talakawa magani. A kan bauta kuma bai taɓa sassautawa ba, a zamanin da arzikin Ingila ya dogara da ita. A cikin ƙasidar da ya soki Amurkawa ya tambayi dalilin da ya sa masu kora bayi a gonaki suka fi kowa ihun neman 'yanci. A wata liyafa a Oxford ya ɗaga kofi yana fatan bayin yankin Karibiyan su sake yin tawaye. A 1777 ya tsara hujjojin goyon bayan Joseph Knight, bawan da ya kai ubangidansa ƙara a Skotland ya kuma yi nasara.

Francis Barber, wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika, ya shigo gidansa yana yaro a 1752, makonni bayan rasuwar Elizabeth. Johnson ya biya masa makaranta, da ya shiga sojan ruwa kuma ya yi ta fafutukar a sallamo shi, har aka nemi alfarmar Wilkes ɗin nan a kan maganar. Johnson ya rasu ranar 13 ga Disamba, 1784, aka binne shi a Westminster Abbey. Ba shi da ɗa. A wasiyyarsa ya bar wa Barber fam 70 a kowace shekara da ragowar dukiyarsa, abin da ya ɓata wa wasu abokansa rai, musamman John Hawkins. Barber ya kwashe iyalinsa ya koma Lichfield, garin da aka haifi Johnson.

Ƙamusun ya ci gaba da zama abin dogaro fiye da ƙarni guda, har aka kammala babban ƙamusun Oxford a 1928, wanda shi ma ya ɗauki ɗaruruwan ma'anonin Johnson ya sa musu harafin J. A Amurka, ƙasar da ya yi adawa da 'yancin kanta, alƙalan Kotun Ƙoli na buɗe shi idan suna neman abin da kalmomin tsarin mulkinsu ke nufi a lokacin da aka rubuta su. A shari'ar Heller ta 2008, inda alƙalai biyar suka rinjayi huɗu wajen tabbatar wa ɗaiɗaikun Amurkawa haƙƙin mallakar bindiga, Mai Shari'a Antonin Scalia ya ɗauko ma'anar kalmar ‘arms’, wato makamai, daga bugun 1773.